Tsintsiyar Kasuwa Ba Aikin Hannunmu Ba Ce

Daga wakilin aji 2B a Ƙungiyar 'Yan Jarida



Duk wanda ya bi ta gaban ɗakin karatu a makon nan ya ga duwatsun da aka jera a bakin taga. Akwai mai fuskar mage, akwai mujiya, akwai akuya, akwai kuma wani da har yanzu ake gardama ko zaki ne ko kare. Mu 'yan aji 2B ne muka yi su. Tun ranar Litinin ake tsayawa ana kallo ana dariya, har wasu yayyenmu na babbar sakandare suka ce wai mun koma 'yan rabin aji. Ba mu ji haushi ba, don mu ma mun yi wa zakin dariya. Abin da ya sa muka ɗauki biro shi ne sanarwar da aka yi a taron safe, cewa a mako na goma kowa ya kawo aikin hannunsa. Kowa a makarantar nan ya san ma'anar wannan sanarwa.

Tun muna firamare haka muka taso muka tarar. Idan aka ce aikin hannu, sai mu koma gida mu ce wa Inna ko Baba ana neman tsintsiya a makaranta. A ba mu kuɗi, mu biya ta kasuwa mu sayo ta kwakwa ko ta laushi, ko mafici, ko faifai, mu kai a rubuta sunanmu a ba mu maki. Mai tsintsiya biyu ya fi mai ɗaya maki. Wani zangon ma ba a wahalar da kowa, monita ne zai zaga da takarda a ba shi naira 200, shi ke nan an gama aikin hannu. Tsohuwar da ta zauna ta fiƙe tsinkayen ta ɗaure su ita ce ta yi aikin, amma a katin sakamako sunanmu ne ke ɗauke da 9 bisa 10. Da gaskiya za a bi, ita ya kamata a rubuta wa makin.

Ba za mu ɗora wa malamai laifin duka ba. Mu ma mun ji daɗin tsarin, domin sayen tsintsiya ya fi yin ta sauƙi, kuma babu ɗalibin da ke ƙin makin da ya zo masa a ɓagas. Amma akwai waɗanda tsarin ke cuta. A ajinmu akwai wani yaro da duk unguwarsu an san shi da ƙera motar kara. Motarsa tana da ƙofa mai buɗewa da sitiyari mai juya tayoyin gaba. A zangon da ya wuce ba a samu kuɗin tsintsiya a gidansu ba, sai ya kwana biyu yana haɗa tirela ya kawo. Aka ce masa ba kayan wasa aka ce a kawo ba. Ya samu 4. Wanda ke zaune kusa da shi, wanda ko igiya bai iya tufkawa ba, ya samu 9. A cikinmu mu 74 shi kaɗai ne ya yi aiki da hannunsa, kuma shi ne ya zo na ƙarshe a aikin hannu.

Maganar duwatsun ta faro ne makonni uku da suka wuce, lokacin da malamarmu mai bautar ƙasa ta karɓi darasin fasaha da al'adu. Ta ce kowa ya zo da dutse ɗaya daidai tafin hannunsa, mai santsi, kuma kada wanda ya kashe ko naira ɗaya. Ta ja mana kunne cewa mu fara juya dutse da sanda kafin mu kai hannu, saboda kunama na son ƙarƙashinsa. Ranar Asabar muka gangara rafi. A nan muka fara gane cewa dutse ma suna ya tara. Tsakuwar da ake gini da ita tana da kaushi da kaifi, ba ta karɓar zane. Dutsen da ruwa ya daɗe yana gogewa shi ne mai kyau. Muka wanke su da omo da tsohon buroshin haƙori, muka shanya a rana, domin idan da laima ko ƙura a jikin dutse launi ba ya kamawa.

Sai matsalar fenti. Malama ta zo da ɗan akwatinta mai kala shida, wanda ko layin gaba bai isa ba. Saboda haka muka haɗa namu. Baƙi daga gawayi, an daka an tankaɗe da rariya. Fari daga farar ƙasa. Ja daga jan ƙasa, wasu kuma suka goga gutsuren jan bulo a kan siminti. Shuɗi daga bular wanki, rawaya daga kurkur ɗin da wata ta roƙo a wurin kakarta. Karon farko da ruwa kawai muka dama, da ya bushe muka shafa yatsa sai duk ya kakkaɓe. Wani daga bayan aji ne ya tuna mana da ƙaro. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san da ƙaro ake haɗa tawada don ta kama. Muka jiƙa shi ya kwana, muka tace, muka dama garin launin da ruwansa, sai ga shi ya zauna daram. Shi ma da iyakarsa: idan ya yi yawa launin yakan tsattsage bayan ya bushe, idan ruwa ya yi yawa kuma idon mage ya gangaro har haɓarta. Mun ɓata duwatsu da dama kafin mu gane ma'aunin, amma ɓatawar ba asara ba ce, wankewa ake yi a sake.

Buroshi ma ba mu saya ba. Asuwaki muka tauna har bakinsa ya yi laushi, da shi ake shafe fuskar dutse gaba ɗaya. Gashin kaza na ja layi. Kan ashana na ɗiga ido. Gashin bakin mage kuwa da tsinken tsintsiya muka ja shi, kuma a nan ne kaɗai tsintsiya ta shiga aikin hannunmu na bana.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne Malama ta hana mu fara zane nan take. Ta ce kowa ya riƙe dutsensa ya yi ta juya shi har sai ya ga abin da ya yi kama da shi. Da farko mun ɗauka ɓata lokaci ne. Can sai wata ta ce nata yana da kumburi biyu a sama kamar idon kwaɗo. Wani ya ga nasa ya tsuke a ƙasa kamar bakin bushiya. Mai faɗi zagayayye ya zama mujiya. Ashe abin da mutane ke yi wa Dutsen Zuma na kusa da Suleja ke nan, wanda ke bayan takardar naira 100 irin ta da: ba wanda ya sassaƙa masa fuska, amma kowa ya kalle shi sai ya ga ido da hanci da baki. Bayan ka ga fuskar sai ka zana ta da fensir, ka shafa launin jiki, ka jira ya bushe, sannan kunne da hanci, ido a ƙarshe. Wanda ya yi gaggawa ya sa baƙi a kan ɗanyen fari, toka-toka yake samu.

Yanzu ga abin da ya sa muke cewa wannan karatu ne. Kusan mu 20 muka zaɓi akuya, saboda muna ganin babu dabbar da muka sani kamarta. Kullum muna korar ta daga bakin tukunya, wasunmu su ke kai ta kiwo. Dukanmu muka yi mata baƙin ido zagayayye kamar na mutum. Malama ta duba, ba ta ce daidai ne ko kuskure ne ba, ta ce mu je gida mu kalli idon akuya mu dawo. Washegari aji ya kaure da surutu. Baƙin da ke tsakiyar idon akuya a kwance yake, dogo, kamar bakin asusu! Na tunkiya ma haka. Na mage kuma a tsaye yake, siriri da rana, da dare ya buɗe ya cika ido. Shekara 13 muna zaune gida ɗaya da akuya ba mu taɓa kallon idonta ba, sai da aka ce mu zana.

Da muka kai wa malamin kimiyya labarin, ya ƙara mana da cewa mu lura da inda idon yake. Dabbobin da ake farautarsu, irin su akuya da zomo da barewa, idanunsu na gefen kai ne, don su hango abin da ke tahowa ta kusan kowane ɓangare suna cikin kiwo. Masu farauta, irin su mage da zaki da mujiya, nasu na gaba ne, don su auna nisan abin da za su cafka. Ya ce mujiya ba ta iya juya ƙwayar idonta, shi ya sa take juya kanta har kamar za ta karya wuya. Wannan bayani yana cikin irin abin da ake rubuta mana a allo mu kwafa mu haddace mu manta bayan jarrabawa. Wannan karon ba mu manta ba, saboda sai da kowa ya goge idon da ya yi ya sake shi a inda ya dace. Mai zakin nan da ake wa dariya, matsalarsa ke nan: ya kai idanun gefe, shi ya sa sarkin dawa ya fito kamar wanda ake shirin yankawa da Sallah.

Ga yayyenmu da suka ce wasan yara ne, muna da amsa, cikin ladabi. Zanen dabba a jikin dutse ya girmi makaranta, ya girmi takarda. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ce ke kula da wurin. Cikin shanun akwai masu dogon ƙaho marasa tozo, ba irin waɗanda muke gani a garke yanzu ba. Da ba su zana ba, da wa zai nuna mana kamannin shanun da aka yi kiwo a ƙasar nan kafin kakannin kakanninmu? A Nijar, arewa da Agadas, a wani wuri da ake kira Dabus, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Yau wurin hamada ne, amma zanen ya nuna an yi zamanin da akwai itatuwan da raƙumin dawa zai ci.

Malama ta kuma nuna mana hotunan wasu koguna biyu na Turai a wayarta, kuma labarinsu ya yi mana daɗi don yara ne a ciki. A ƙasar Sifen, a 1879, wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Mariya ta bi mahaifinta cikin kogon Altamira. Shi yana duba ƙasa yana neman kayan tarihi, ita ta ɗaga kai ta ga rufin kogon cike da zanen wasu manyan dabbobi masu kama da ɓauna. A Faransa kuma, a 1940, samari huɗu ne suka shiga wani rami suka tarar da kogon Lasko, mai ɗauke da zanen dawakai da bijimai da bareyi da aka yi kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Ƙaraminsu shekararsa 13, sa'anmu. Launin da aka yi zanen da shi daga ƙasa aka samo, ja da rawaya da baƙi, kusan irin haɗinmu. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo har numfashinsu ya fara lalata zanen, dole aka rufe kogon a 1963.

Idan kuma Turai ta yi nisa, a ciro naira 20 a juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Ba ta yi boko ba, a wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, kuma abin da ya fito da tukwanenta har da zanen da take yi musu na kada da ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsaye. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Muna tambaya: da a makarantarmu take, ta kawo tukunyarta a mako na goma, nawa za ta samu?

Akwai magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Mutum shida a ajinmu sun dawo sun ce a gida an hana su zana abu mai rai, saboda abin da iyayensu suka karanta a addini. Mu ba malamai ba ne, kuma ba za mu ba da fatawa a jikin bango ba. Wanda ke son bayani ga malamin addini nan a ofis, ga kuma malaman unguwa. Abin da muka gani shi ne Malama ba ta tilasta wa kowa ba. Su shidan suka zana dagi, da ganye, da irin zanen lalle, da irin adon da ake yi wa bangon gidajen sarauta. Dutsen da kowa ya yarda ya fi kyau a bakin tagar nan na ɗaya daga cikinsu ne, baƙi da farin dagi a tsakiya, layinsa bai karkace ko kaɗan ba. Ra'ayinmu shi ne a bar wannan zaɓi a buɗe kullum. Kada a rage wa kowa maki don ya bi maganar iyayensa, kada kuma ɗalibi ya tsangwami ɗan'uwansa don ya zana mage ko don ya ƙi zanawa.

Malamin ladabtarwa ma yana da nasa ƙorafin, kuma yana da gaskiya. Ranar da ya ga ɗalibai 74 sun shigo ƙofar makaranta kowa da dutse a hannu, sai da ya tare mu. Duk mun san yadda gilasan tagogin ajujuwa suka ƙare. Maganin da aka samu mai sauƙi ne: kowa ya rubuta lambarsa a ƙasan dutsensa, monita ya tara su a bokiti biyu a bakin ƙofa, a ajiye a ofis, ba a fito da su sai lokacin darasi. Har aka gama ba a fasa kan kowa ba. Mu ma muna roƙon 'yan'uwanmu, kada wani ya ce ya koyi haɗa launi ya je ya gwada a bangon aji ko na banɗaki, don ranar da aka ga haka an rufe maganar ke nan.

Wasu malamai sun ce, to idan an daina kawo tsintsiya da me za a share makaranta? Wannan ma gaskiya ne, kuma mu ne masu sharar, mun san wahalar tsintsiya ɗaya a hannun mutum goma. Amma a kira abin da sunansa. A ce ana neman gudummawar tsintsiya, a bi ta ƙungiyar iyaye da malamai, mai hali ya kawo, kada a haɗa shi da maki. In kuwa lallai tsintsiya ake so ta zama aikin hannu, a gayyato mai yin ta ta zo ta nuna mana yadda ake fiƙewa da ɗaurewa, mu yi a gabanta. Wannan za mu karɓi makinsa ba kunya.

Ba mu ce duwatsunmu sun kai na Birnin Kudu ba. Launin ƙaro ba ya jure ruwa, idan aka bar su a waje ruwan farko na damina zai wanke su tas. Ba ma jin akwai mai saye a kasuwa. Amfaninsu kaɗan ne: biyu suna ofishin malamai suna danne takardun jarrabawa kada iska ta kwashe, ɗaya yana tokare ƙofar ajinmu da ta daɗe ba ta da sakata. Kuma ba mu ce kowane zango sai dutse ba. Akwai tufkar igiya, akwai saƙar faifai, akwai ginin yumɓu, akwai ɗinkin hula, akwai motar kara. Mun kawo dutse ne don shi ne muka gwada muka ga ya yiwu a aji mai mutum 74 ba tare da an karɓi kuɗin kowa ba.

Saboda haka muna roƙon Shugaban Makaranta da malamanmu, cikin girmamawa, a sake duba sanarwar mako na goma. A ware darasi biyu a jere, a raba kowane aji rukuni-rukuni, kowa ya zo da kayan aikinsa ɗanye, a yi aikin a cikin aji a gaban malami. Abin da aka ƙare a gida ko aka sayo kada a karɓa. A ba da maki a kan abin da malami ya gani da idonsa: wa ya shirya kayansa, wa ya yi haƙuri ya gyara kuskurensa, wa ya share wurinsa bayan ya gama. Mun san hakan zai fi ba malamai wahala fiye da ƙirga tsintsiya, shi ya sa 'yan 2B muka yarda mu taimaka. Duk ajin da ke so, za mu turo mutum huɗu su nuna yadda ake haɗa launi, kuma muna da ragowar ƙaro da garin gawayi a gwangwani. Mai motar karan nan ma ya ce zai koya wa duk mai so yadda ake haɗa sitiyari, in dai wannan karon za a karɓa.

Duwatsun za su kasance a bakin tagar ɗakin karatu har ranar Juma'a. A kalla da ido, kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Mun jera 31, jiya da aka tashi muka ƙirga 30. Wanda ya ɗauki kwaɗon, mai lamba 46 a ƙasansa, don Allah ya mayar da shi inda ya gan shi, ba za mu tambayi kowa ba. Mai shi kwana uku ta yi tana gyara idanun, kuma ba a riga an ba ta maki ba.